Kwamfuta Biyu a Ɗakin Abbu

Litinin, 5 ga Agusta, da hantsi

Dadi, kakata ta wajen uba, ta ce in buɗe ɗakin aikin Abbu, mahaifina, ko don iska ta shiga. Na buɗe. Kofin shayinsa na nan inda ya bar shi ranar Alhamis da aka kai shi asibiti, har ya yi wani fari-fari a sama. Na wanke, na mayar da shi daidai gurbinsa.

Su ma baƙin nan biyu suna nan a ƙarƙashin teburi. Baƙar kwamfuta ta wani babban kamfani ce na Karachi, a mota aka kawo ta, da maza biyu masu riga iri ɗaya. Farar kuwa daga shagon Baji Shagufta ta zo, nan cikin kasuwarmu ta Faisalabad, a ɗaure a bayan babur. Dukansu aro aka ba Abbu ya gwada. Ranar 23 ga wata zai faɗi wadda zai saya, a zo a ɗauke ɗayar. Tsohuwar kwamfutarmu ta mutu tun watan jiya, ga shi masaƙar Mubashir sahib na jiran zanen yadin sanyi kafin wata ya ƙare. In ba mu kai ba za su ba wasu, kuma ba mu da wata masaƙar sai su.

Ammi, mahaifiyata, ta kira daga asibiti, can take jinyarsa. Ta ce, "Nimra, ai kin iya aikin nan, ya koya miki. Ki ci gaba har ya dawo." Na ce to, da wacce zan yi? Ta ce, "Ni na san kwamfuta ne? Ki gwada su yadda yake yi, sai ki gaya masa."

Ban tambaye ta sauran ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Talata, 6 ga Agusta, bayan azahar

A littattafan da nake karantawa, in maza biyu suka zo wa yarinya, ɗaya dogo ne mai ɗaure fuska da ƙarancin magana, ɗayan gajere mai surutu da son taimako. Kowa ya san wanda za ta ɗauka tun kafin labari ya yi nisa.

Baƙar doguwa ce, ba ta da ƙara, sai wata 'yar shuɗiyar fitila a goshinta. Farar guntuwa ce, in ta kama aiki fankarta na huci kamar Dadi a kan matakala.

Aikin namu raba launi ne. Masaƙa ta aiko zanen fure mai launi goma sha, mu mu cire kowane launi daban, don kowanne da nasa farantin bugawa. In na gama gyara, sai in danna, kwamfuta ta ɗauki zanen ta yi ta tauna. Abbu da agogon wayarsa yake auna su. Ni da littafi nake aunawa. Na ba su zane ɗaya, na buɗe inda na tsaya. Baƙar ta gama ina shafi na uku, jarumar ko saukowa daga bene ba ta yi ba. Farar sai da na kai na biyar, har an yi faɗa an shirya.

Ranar da aka kawo su Abbu ya shafa kan baƙar ya ce, "Wannan doki ce." Dadi na bakin ƙofa, ta ji.

Laraba, 7 ga Agusta, da safe

Roti biyu na gasa, gurasar nan tamu, na manta na ƙara na Abbu, sai na tuna biyu ne.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan la'asar

Ba a kai Dadi asibiti. Ammi ta ce hawan jininta ba zai ɗauka ba. Don haka ta fito da keken ɗinkinta da buhun ƙyallayen da masaƙa ke aiko mana na gwaji, duk zanen Abbu ne a jikinsu, ta yi ta haɗawa tun safe. A gidan nan ba abin da ba shi da riga. Firji na da tasa, talabijin na da tasa, har tulun ruwa. Na ɗauka ta matashi take yi.

Ashe ta baƙar ce. Ninki uku, da auduga a tsakiya kamar bargo, da bakin leshi. Ta yanka 'yar ƙofa a gaba don maɓallin kunnawa, da wata a baya don wayoyi. Ta durƙusa da kanta ta saka mata, ta ɗaure igiya.

Na ce, "Dadi, ita farar fa?"

Ta ce, "Wannan ɗana ya ce yana so. Waccan baƙuwa ce, ta yi ta zama tsirara. In ya dawo ya tarar da ƙura a kan abinsa, me zan ce masa, jikata?"

Ta yi kyau wallahi. Kamar amarya.

Asabar, 10 ga Agusta, da rana tsaka

Zafi. An yi ruwa jiya amma sai ka ce tukunya aka rufe mu a ciki. An ɗauke wuta sau biyu, batir ya riƙe.

Wani abu na damun baƙar. Da safe lafiya lau take gudu. Rana na yi sai ta fara jan ƙafa, shafi shida, shafi takwas. Yau tana tsakiyar zanen furen rumman ta mutu ɗif, aikin safiya duk ya tafi. Na zauna ina kallon fuskata a baƙin allo. Farar kuwa shafi biyar ɗinta, safe da rana, da hucinta.

Akwai lambar waya a jikin kwalin baƙar. Na daɗe ina kallonta. Ni da ko mai sayar da kayan miya ba na iya ce wa ya ƙara mini.

Asabar, kafin magariba

Na kira!

An sa mini kiɗa ya daɗe, sannan wata murya ta ce, "Assalamu alaikum, Shahzaib ke magana, da me zan taimaka miki, Madam?"

Madam. Ni.

Muryar a hankali take, ba gaggawa, irin ta wanda bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Na yi ta in-ina. Ya ce, "Kada ki damu, Madam, ina tare da ke." Ya sa na kashe, na kunna, na danna wasu maɓallai, na karanta masa abin da allo ya nuna. Ya ba ni lambar ƙorafi ya ce in adana. Da za mu rabu ya ce, "Akwai wani abin kuma da zan yi miki?"

Tun ranar Alhamis ɗin can ba wanda ya tambaye ni haka.

Ina jin yana da tabarau. Ina jin tagar ofishinsu na kallon teku.

Lahadi, 11 ga Agusta, da hantsi

Ammi ta zo ta yi wanka ta ɗebi kaya. Ta rame. Ta ce, "Ba za ki zo ki gan shi ba?" Na ce aiki ya yi yawa. Ta dube ni, ta ɗauki ƙaramin cokalin da nake ci da shi ina yarinya ta sa a jaka. Ban tambayi na mene ne ba.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan azahar

Ta sake mutuwa. Na sake kira. Allah ya sa shi ya ɗauka.

Ya ce in ba shi lambar ƙorafi. Na ɗan ji wani iri, na ɗauka zai gane muryata. Amma mutane nawa ke kiransa a yini? Da na karanta masa ya ce, "Na'am, Madam Nimra," sai komai ya wuce.

Yau sabunta wani abu ya sa na yi, ya ɗauki lokaci, muka yi ta jira tare. Ina jin ƙarar maɓallansa. Na kusa ce masa a nan ma ana ruwa, ko can ana yi? Ban ce ba. A littafi da sai yarinyar ta yi tari, shi kuma ya ce ko ba ki da lafiya ne, daga nan sai hira. Na yi tarin. Ya ce, "Saura kaɗan, Madam."

Ya ce irin wannan injin ba ya ba da matsala, a dukan ƙasar nan ba wanda ya kai shi gudu. Na ce na sani. Na ji kamar in ba shi haƙuri.

Da rana na koma kan farar don kada aiki ya tsaya. Kamar cin amana.

Laraba, 14 ga Agusta, da yamma

Ranar 'yanci. Yara sun cika layi da tutoci da ƙahon roba, pii pii tun asuba. Kamfani ba aiki yau, na kira sau ɗaya don in tabbatar, wata muryar mace da aka naɗa ta ce in kira gobe.

Bara Abbu ya ɗauke mu a babur muka je kallon fitilu a hasumiyar agogo, ya sayo mini kulfi, ƙanƙarar madara, ya narke a hannuna.

Dadi ta ɗinka wa fitilar teburinsa riga.

Alhamis, 15 ga Agusta, da safe

An koma makaranta. Na ga 'yan ajinmu ta taga da fararen kayansu. Na saki labule.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Mubashir sahib ya kira a wayar Abbu. Na bari ta yi ta ringi, a karo na uku na ɗauka. Ya ce, "Beti, 'yata, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba na son takura ku, amma injina ba sa jiran kowa, ma'aikata na zaune. Wa ke yin aikin yanzu?" Na ce ana yi. Ya ce, "Ana yi, ana yi. To a yi."

Na kira Shahzaib, raina a ɓace, na ce yau sau biyu ta mutu, ba za a turo wani ya duba ba? Ya ce za a iya turowa daga Lahore, kwana kaɗan ne. Ya ce amma da yake injin na aro ne kuma da sunan mahaifina aka rubuta, dole mai sunan ya yi magana da bakinsa ya tabbatar.

Na ce ni 'yarsa ce.

Ya ce, "Na gane, Madam. Ƙa'ida ce. Ki ba shi wayar, sunansa kawai zai faɗa da lambar katinsa. Ba zai ɗauki minti ɗaya ba."

Na ce ya fita.

Ya ce, "In ya dawo sai ya kira mu."

Na ce to.

Ya ce akwai wani abin kuma da zai yi mini?

Juma'a, bayan magariba

Sunansa kawai. Ko shi ɗin ba ya iya faɗa yanzu.

Asabar, 17 ga Agusta, da rana

Ban kunna baƙar ba. Ban buɗe littafi ba. Farar ta yi ta huci, ni na yi ta kallon bango har ta gama. Zane huɗu muka fitar, ni da ita.

Litinin, 19 ga Agusta, da hantsi

Na ce bari in sake gwadawa, wataƙila in na yi masa bayani sosai zai ji tausayi. Duk jiya ina shirya maganar a raina. Zan ce, Shahzaib, ba fita ya yi ba. Zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba, shi kuma zai ce, me ya sa ba ki gaya mini tun farko ba?

Wani ne ya ɗauka. Murya mai kauri, yana tauna wani abu. Na ce ina son Shahzaib. Ya ce, "Wanne? Muna da su uku a nan. Ba ni lambar ƙorafi, Madam, kowa zai iya duba miki."

Na kashe.

Ban ma san ko da ɗaya nake magana duk kwanakin nan ba.

Talata, 20 ga Agusta, bayan azahar

Baji Shagufta ta zo ba tare da na kira ta ba. Na ji ƙarar babur, sai ga ta ta cire hular kwano, mayafinta ya jiƙe da gumi, jakar kayan aiki a kafaɗa. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da shagon, duk kasuwa an san bakinta. Ta gaishe da Dadi, ta sha ruwa kofi biyu a tsaye, ta ce, "Na ji labari a kasuwa jiya-jiya. Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ke, 'yar littafi, lambata ba tana manne a jikin injin ba?"

Na ce tata ba ta lalace ba ai.

Ta ce, "Sai abu ya lalace ake kiran mutane?"

Ta shiga ɗakin aiki ta durƙusa don ta duba farar. Sai ta tsaya. Ta ce, "Wannan kuma mene ne? Wa ya haihu?"

Na ce rigar baƙar ce, Dadi ta ɗinka.

Ta zura hannu ta ƙasan rigar, ta fizge shi da sauri tana yarfewa. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta yi ta dariya har da hawaye. Dadi ta leƙo ta ce lafiya? Baji ta ce mata da ladabi, "Khala ji, ɗinki ya yi, wallahi ko ni zan saka. Amma wannan abin ta haƙarƙarinta take numfashi. Kin lulluɓe ta da bargo a watan Agusta, kin ce ta yi gudu."

Dadi ta ce, "Ƙura fa?"

"Ƙura sai ta shekara tana cinta. Wannan a yini ɗaya zai dafa ta."

Ta kwance igiyar a hankali, ta ninke rigar ta miƙa wa Dadi hannu biyu. Ta ce mini, "Tun yaushe take mutuwa?" Na faɗa. "Kin kira su?" Na ce sau da yawa. "Ba wanda ya ce ki taɓa jikinta ki ji?" Na ce a'a. Ta ce, "Ai daga Karachi ba a jin zafi ta waya."

Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ni ma ban taɓa ba. Kullum ina ganinta cikin rigarta ina cewa ta yi kyau.

Muka jira ta huce. Baji ta ce in ba su zane mafi nauyi da nake da shi, a lokaci ɗaya, da ranar nan tsaka. Na ba su na furen rumman. Baƙar ta gama, ta yi shiru da shuɗiyar fitilarta, farar ko rabi ba ta kai ba.

Baji ta daki cinyarta ta ce, "To ga gaskiya nan. Tasu ta fi tawa gudu, ba kusa ba."

Na ce, "Baji, da kin yi shiru ai da taki zan saya."

Ta ce, "Ki saya a kan ƙarya, ranar da kika gane ki daina kirana? Ni da kiran nake ci, ƙanwata, ba da kwali ba." Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a ƙofa. "Babanki ba ya buƙatar kowa, shi da kansa yake buɗe cikinsu, har ni yakan koya wa abu. Shi ya sa gudu kawai yake dubawa. Ke ki duba wanda zai zauna a gabanta."

Ta tafi. Dadi ta shige ɗakinta da rigar, ba ta fito cin abinci ba.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Na kai wa Dadi shayi. Ta ce, "Ni na kusa kashe masa abinsa." Na ce ba ta mutu ba ai, ga ta can tana gudu. Ta ce, "In ya dawo kada ki gaya masa." Na ce to. Muka zauna, tana riƙe da yatsuna.

Laraba, bayan la'asar

Yau da baƙar na yini. Kai! Kafin in gyara zama ta gama. Abin da farar za ta yi a yini biyu ta yi shi kafin la'asar. Da ita zan kai aikin Mubashir sahib har in sami kwanakin hutawa. Da farar zan kai, amma sai na fara tun asuba kullum, kuma ba kuskure.

Sai dai duk sanda fankarta ta ɗan canja sauti, sai in tsayar da aiki in kasa kunne. In ta mutu da gaske fa, ba don riga ba? In kira. A sa mini kiɗa. A ce a ba mai suna waya.

In Abbu zai dawo teburin nan, baƙar ce. Ba ma sai an yi tunani ba.

In zai dawo.

Na rubuta wannan na daɗe ina kallonsa.

Alhamis, 22 ga Agusta, da hantsi

Na gwada wani abu, ban san ko daidai ne ba. Na kira Baji na ce allon farar na wani rawa. Da gaske yana ɗan yi, amma ba sosai ba. Tana cikin hayaniyar kasuwa ta ce, "Murɗa wayar bayansa, ta saki ne. In bai daina ba zan biyo kafin azahar. Kin karya kuwa? Muryarki kamar ta sauro."

Na murɗa, ya daina.

Na gaya wa Ammi yau zan zo.

Alhamis, bayan magariba

Ɗaki ne mai gado shida. Nasa na bakin taga.

An yi masa aski. Ban san me ya sa wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Ammi ta ce, "Ga Nimra ta zo," da ƙarfi, yadda ake yi wa yara. Ya juyo da idonsa. Idon nasa ne, ba abin da ya same shi. Na zauna ta hagunsa, don Ammi ta nuna mini nan da haɓa.

Na ba shi labarin aiki. Zane nawa na gama, wanne ya ba ni wahala, yadda jan furen rumman ya so ya shiga cikin ruwan ƙasa na raba su. Yana ji. Da na faɗi yadda na raba, gefen bakinsa ɗaya ya motsa.

Na ce na gwada su duka biyun. Na ce baƙar ta fi gudu, ba kusa ba, yadda ka faɗa. Idonsa ya yi haske. Ya buɗe baki, ya yi ƙoƙari, ya yi ƙoƙari. Ammi ta ce, "A hankali, a hankali." Ni na kalli ƙasa har ya bari.

Sai na ce, "Abbu, farar zan ɗauka. Ta Baji Shagufta."

Ban faɗi dalili ba. Na shirya dalilai tun a hanya, masu kyau, ko ɗaya bai fito ba. Ya dube ni ya daɗe. Ya dubi hannunsa na dama da ke kan bargo. Sannan ya juya fuskarsa wajen taga.

Ammi ta ce, "Ya gaji ne." Ba gajiya ba ce. Ya gane abin da na ce masa, duka.

Na zauna har aka fara korar masu ziyara. Da na miƙe, bai juyo ba, amma hannunsa na hagu ya kama bakin mayafina ya riƙe. Ban sani ba ko tsayar da ni yake, ko sallama ce. Sai da Ammi ta zare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar gida na yi kuka a bayan riksha, keken haya mai ƙafa uku, direban ya ƙara wa rediyonsa murya. Allah ya saka masa.

Juma'a, 23 ga Agusta, da safe

Na kira kamfani na ce su zo su ɗauki kayansu. Wannan ba su nemi mai suna ba.

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Sun zo da motarsu da rigunansu iri ɗaya. Ɗaya ya ce, "Kun yi asarar injin kirki." Na ce na sani. Suka naɗe ta a leda suka fita da ita. Dadi ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana.

Baji ta zo bayansu da takardun saye. Ta jawo farar tsakiyar teburi inda iska ke bugawa, ta ɗaure wayoyin da suka tarwatse. Wajen rubuta suna ta ɗaga biro ta dube ni. "Sunan wa?" Na dubi takardar. Ta ce, "Wanda zai riƙa kirana nake tambaya." Na faɗi nawa. Ta rubuta, ta ci roti da dal, miyar waken Dadi, ta ce gishiri ya yi kaɗan, Dadi ta ce bakinki ne ya mutu da hayaƙin babur. Rabona da jin Dadi ta mayar wa wani magana tun kafin abin nan.

Asabar, bayan azahar

Saura zane tara, mako ɗaya.

Duk kwanakin nan a kan 'yar kujerar roba nake aiki, daga gefe, wuyana a karkace. Yau bayana ya ƙi. Na jawo kujerar Abbu na zauna. Ƙafafuna ba su kai ƙasa ba. Na laluba ƙarƙashinta na sami wani ƙarfe, na ja, ta sauko da ni a hankali har tafin ƙafata ya taɓa siminti.

Na sake ja don in ga ko za ta koma. Ba ta koma ba. Ban san yadda ake mayar da ita sama ba.